Dutsen Kunnen Labraki

A tafkin Mesolongi ruwa bai wuce gwiwa ba,
amma ya ci ƙafafun mahaifina shekara hamsin.
Bukkarsa na tsaye bisa turaku,
gishiri ya mai da katakon fari fat
kamar gemunsa.

Stamatis sunansa. Ni ce Garifaliya.
Ina 'yar shekara bakwai ya ɗora min labraki a hannu:
"Kama ta nan, ba ta can ba.
Ƙayoyin doronsa tara, kowace da zafinta,
ga wasu biyu kwance a kumatu."
Kunnen ƙashi gare ni.
Tabon na nan a babban yatsana.

Kifi ne ruwan azurfa, baki wagege,
mafaraucin da ba ya son rana tsaka.
Sai almuru, in igiyar ruwa ta dama laka,
ya laɓe gindin ciyawa
yana jiran jatan lande ta yi sakaci.

In sanyi ya kama, ya juya wa tafki baya,
ya nufi teku ya zubar da ƙwai, ko waiwaye.
Ƙwai na lilo a ruwa, ba uwa ba uba.
Da ɗumi ya dawo, 'ya'yan su ɓullo sirara kamar gashin ido,
su bi ƙanshin inda kogi ke gaisawa da gishiri.
Baba ya buɗe musu shingen kara, su shigo su yi ƙiba.
Kaka ta yi, ya rufe.
Karatunsa ke nan, kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Ni na tafi Fataras neman na takarda.
Can na ji suna ɗaya, bas,
an yafa shi a kan taron da ba dangi ba.
Akwai ƙanen namu mai ɗigo-ɗigo a jiki.
Akwai mai zane-zane na gaɓar Amurka,
da ke barin gishiri ya hau kogi don haihuwa.
Akwai baƙi, da ke fara rayuwa mace
ya ƙare ta namiji,
da na Asiya, ɗan'uwan giwan ruwa,
wanda ke bin hanyar a juye.
Har da wani daga ƙanƙarar kudu, mai muni da haƙora,
da 'yan kasuwa suka ara wa sunan
don ya shiga faranti.

Na kawo wa Baba labari. Ya tofar da ƙwallon zaitun.
"To su da ke canjawa, wa suka tambaya?"

Aikina yanzu fasa kai.
Cikin kowane akwai farin dutse biyu,
ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba.
In yanka, in goge, in sa ƙarƙashin madubi:
zobe cikin zobe,
mai faɗi shekarar ƙoshi, siriri ta wahala.
Kifi ba ya magana,
amma bai yar da hunturu ko ɗaya ba.

Baba kam ya zubar da nasa.
Bara sunan jirginsa ya tafi,
bana nawa.
Yakan dube ni kamar mai karɓar haraji,
ya ce in zauna, matarsa na zuwa,
ita da ke kwance bayan coci shekara tara.

Jiya na kai masa labraki, babba, ɗanye.
Dutsensa zai ba da sha huɗu, ko fi.
Na miƙa ba tare da tunani ba,
yatsana kan doron.

Hannunsa ya rigaye ni.
Ya zame ƙarƙashin haɓa, ya kwantar da ƙayoyin da tafi,
ya ɗago ido, ransa a ɓace:
"Yarinya, ta nan. Ba ta can ba.
Sau nawa zan faɗa miki?"

Wannan kan ban fasa shi ba.
Mun gasa da lemun tsami,
ya ci kumatun, ya bar min wutsiya.